Murhun Iya Zai Tafi Gembu

Ƙofar Mazugal, Kano.

Zuwa ga autana Nasiru,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da sa albarka daga mahaifiyarka. Allah ya kai ku lafiya, kai da Rukayya da jikana, ɗan maigidana Sadiƙu, ya kare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya sa wannan canjin wurin aiki ya zame maka alheri.

Na san za ka yi dariya ka ce gida ɗaya muke kwana, me ya kawo wasiƙa. To tun da aka ji an mayar da kai Gembu, garin sanyin nan na kan dutse, gidan nan bai rabu da masu zuwa sallama ba, da na zauna da kai sai wani ya yi gyaran murya a zaure. Babanku kuwa ka san shi. Ya ba ka murhun kakarku Iya, ya nuna maka yadda ake haɗa bututun, ya ce "ka kula," a wurinsa ya gama nasiha ke nan. Shi ya ƙera murhun, amma ni na zauna da shi sanyi bayan sanyi, ni na san halinsa. Yawancin abin da ya faru kuma kana makarantar kwana ya faru, ba ka gani ba. In kun huta gajiya ka karanta, ka ba Rukayya ita ma ta karanta da idonta.

A shekarar da soja suka koma bariki, lokacin da duk bangon unguwar nan ya cika da hotunan 'yan takara, ciwon gwiwa ya kwantar da Iya. Da ɗari ya shigo sai ta kasa miƙewa ko alwala. Kaskon gawayi muke kai mata ɗaki, shi kuma ya sa ta tari har ta riƙe ƙirji. Ana cikin haka wani ɗan kasuwa ya kawo wa Babanku gyara a shagonsa na walda da ke Ƙofar Wambai. Murhu ne na ɗumama ɗaki da ya sayo daga ƙasar waje, ba ya cin itace, ba ya cin gawayi, sai wasu 'yan ƙwayoyi da ake matsewa daga garin katako. Da lantarki yake aiki, lantarkinmu kuwa ya zo da ƙarfi rana ɗaya ya ƙone masa ciki. Babanku bai iya gyara shi ba, ya kuma gaya wa mai shi gaskiya. Amma kafin a zo ɗauka ya kwance shi ya ƙare masa kallo. Daga nan ya ƙera nasa wanda babu ruwansa da lantarki: akwati a sama da muke ce wa rumbu, ƙwayar ta riƙa gangarowa da kanta zuwa ɗan kwandon ƙarfe mai huji-huji inda wutar ke ci, toka ta faɗa tire a ƙasa, hayaƙi ya bi bututu ya fita. Abokinsa Malam Iro, mai injin matse abincin kifi, shi ya yi ta gwadawa da garin katako har ƙwayar ta tsaya da kyau.

Ran da aka shigo da shi Iya ta ɗebi ƙwayar a tafin hannu, ta kai kusa da ido, ta dubi ɗanta.

"Yanzu duk tsufana kashin awaki za ka tara min a ɗaki?"

"Iya, katako ne."

"Katakon ma ai na gani. Kuma wai bangon za ka huda? Bangon da ya girme ka?"

Sai da aka yi kwanaki ana lallashi kafin ta yarda.

A wurin kafawa ni na fara kawo matsala. Babanku ya auna bututu dogo wanda zai wuce saman soro, ni kuma na ce ina, kunya nake ji, mutane su ce mun buɗe gidan burodi a cikin unguwa. Na dame shi har ya yanke shi ya bar shi gajere, daidai kan katanga. Da farko lafiya lau. Ran da iska ta juya sai hayaƙin ya dawo ɗaki, wanda ya fita kuma ya miƙe zuwa soron maƙwabcinmu Malam Habu mai wankin hula, inda yake shanya hulunan mutane. Da rana tsaka ya yi sallama da farar hula a hannu, duk ta yi ɗigo-ɗigon baƙi.

"Malam," ya ce da Babanku, "ni ban zo faɗa ba. Amma ta ango ce, jibi ɗaurin aure. Ka gaya min abin da zan ce masa."

Babanku bai waiwayo ya dube ni ba, wannan kuwa ya fi min faɗa ciwo. Ya ba shi haƙuri, ya koma shago ya ɗauko guntun da ya yanke ya mayar. Malam Habu ya sake wanke hular, Allah ya taimaka ta fita. Tun da bututun ya wuce soro wuta ta riƙa ja da kyau, hayaƙin ma da ƙyar ake ganinsa.

Saboda haka in ka je, kada ka rage tsawon bututun don kyan gani ko don kunyar kowa. Ya wuce ƙololuwar rufin gidan. Kafin ka huda ko'ina ka nemi izinin mai gidan, sannan ka fita ka zaga ka ga tagar wa ke kusa, ina mutane ke shanya. An ce gidajen can rufin kwano ne da silin. Inda bututun zai ratsa kada ya taɓa katako ko kaɗan, ka bar tazara ka cike da laka, kamar yadda muka nisanta shi da azara a nan. Murhun kansa ka ɗora shi a kan siminti ko faifan ƙarfe, nesa da labule da gado. In ya karkata ƙwayar ba za ta gangaro daidai ba, ka sa faranti da ruwa a kansa ka ga ko ya zauna sosai.

Sai maganar ƙwayar, wadda Iya har ta koma ga Allah ba ta daina ce mata kashin awaki ba. Babban maƙiyinta danshi. Bayan sanyin farko na jibge sauran buhunan a ƙasa a ɗakin ajiya, damina ta zo ta wuce ban leƙa ba. Da na buɗe sai na tarar duk ta kumbura ta koma gari kamar dusa. Don ƙyashin zubarwa na ɗura ta a rumbu haka nan. Ta toshe hanyar gangarowa, ta ƙi ci, na wuni ina zungura da waya, Iya na zaune cikin bargo tana kallona tana cewa, "Sannu da aiki, injiniya." An gaya min can ruwa ya fi na nan yawa, hazo ma jiƙa kaya yake yi. Buhunan da Malam Iro zai riƙa aiko maka ta hannun direba, ka ɗora su a kan katako, ka nisanta su da bango, ka ɗaure bakin leda bayan kowace ɗiba. Ƙwaya mai kyau tana sheƙi, in ka karya ta za ka ji ƙas. In ta murmushe a hannunka ka bar ta. Idan kuma ka sami mai yi a can, ka tambaye shi da wane katako yake yi. Wanda aka yi da katako mai fenti ko mai gam yana sa yaji a ido, kuma ba abin da yaro zai shaƙa ba ne.

Kunnawa ba ta son gaggawa, kai kuwa tun kana ƙarami ba ka iya jiran tuwo ya huce. Ɗan tafin ƙwaya a kwando, 'yan siraran itace busassu a kai, ashana, ka buɗe ƙofar iska ka jira. In ta kama sosai sannan ka saki ta rumbu, ka rage iskar. Kada kananzir ya kusanci murhun nan, balle fetur. Takarda mai sheƙi ma ka bar ta. Da zaɓe ya sake zagayowa yara suka yayyago hotunan 'yan takara suka tara min, na ce na sami abin kunna wuta a sauƙaƙe. Wani baƙin hayaƙi mai wari ya tashi, gilashin ƙofar murhun ya rufe ruf. Iya ta yi tari ta share ido ta ce, "Waɗannan ko a cikin wuta ba sa barin mutum ya huta." Muka yi ta dariya, amma ni na kankare gilashin.

Ka koyi kallon harshen wutar. In tana lafiya za ka gan ta da haske, tana rawa da kuzari. In ta yi ja, ta yi tsawo tana lanƙwasa kamar mai jin barci, gilashi yana baƙi da wuri, to iska ba ta isa, wani wuri ya toshe.

Yanzu ka natsu, ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Wata shekara sanyi ya sauko farat ɗaya. Babanku ya tafi Bichi ta'aziyya, ya ce in ya dawo zai duba murhun kafin a fara kunnawa. Da safe na shiga na tarar da Iya tana rawar ɗari, gwiwa ta riƙe. Tausayi ya kama ni, na ce a raina ai lafiya muka ajiye shi bara, me zai same shi. Na kunna. Wutar ta kama da ƙyar, na ce sanyin ƙarfe ne. Na ja mata ƙofa na tafi dama koko. Ban sani ba ashe ita kuma ta cusa tsumma a 'yar tagar sama da muke bari a buɗe, wai iska na dukan wuyanta.

Da hantsi na dawo da koko da ƙosai. Na yi sallama ba ta amsa ba. Tana zaune a kan dadduma ta jingina da gado, carbi ya zame daga hannunta.

"Iya, ga koko."

Ta ɗago da ƙyar ta ce, "Hajara, kaina ya yi nauyi." Hajara ƙanwarta ce, ta rasu tun kafin a kawo ni gidan nan.

Na dubi murhun, wutar ta yi ja tana kwance. Ɗakin kuwa babu wani hayaƙin kirki da zai tsorata mutum, sai ni ma na ji kaina ya fara sarawa. Ban san inda na sami ƙarfi ba. Na saki kwanon, na kama ta ta ƙarƙashin hammata na jawo ta har tsakar gida cikin rana, na bar ƙofar a wangale, na koma na toshe hanyar ƙwayar. Na ƙwala wa matar Malam Habu kira ta kan katanga. Kafin in yafa mayafi Malam Habu da kansa ya nemo mota. A asibiti likita ya ce akwai wata iska da wuta ke fitarwa in ba ta samun numfashi, ba ta da launi, ba ta da wari, sai dai ta sa mutum barci ya wuce daga nan. Ya ce da na tsaya wanke-wanke kafin in kai kokon, da wani zancen ake yi.

Allah ya yi da sauran kwananta. Da yamma ta farfaɗo sosai har tana tambayar wa ya zubar mata da koko. Malam Habu ya hau soro ya cire hular ƙarfen da ke rufe saman bututun, ya zaro sheƙar tsuntsu guda, ciyawa da gashi da zare, ta cika bakin tam. Babanku ya dawo ya ji abin da ya faru. Washegari ya yi wa hular raga, ya kuma cire marfin 'yar tagar nan gaba ɗaya ya sa mata ƙarfe, yadda ba mai iya toshe ta. Ni kuwa na yi sati ina tashi daga aiki ina leƙa Iya ba dalili, har ta ce in na sake leƙowa za ta jefe ni da buta.

Nasiru, ka riƙe waɗannan ko ka manta sauran. Duk lokacin da murhun ya daɗe ba a kunna ba, a hau a duba bututun daga sama har ƙasa, ko da ragar tana nan. Ɗakin da yake ci kullum a bar masa kafar iska, komai sanyi, komai kukan yaro. Kada ku yi barci yana ci. Ku ɗumama ɗakin, ku toshe ƙwayar, ku ga ta mutu, bargo ya ƙarasa sauran. In kuwa wata rana kai da Rukayya kuka ji ciwon kai a tare, ko Sadiƙu ya yi laushi ba dalili, kada ka tsaya binciken murhu. Ku fita waje tukuna, sannan a nemi asibiti.

Sharar yau da kullum ba ta da wuya, sai dai ba ta son a ɗaga mata ƙafa. Kowace safiya, in ya huce, a zazzage kwandon, a bi hujojin da waya. Wani lokaci za ka ga toka ta dunƙule ta yi tauri kamar tsakuwa, ita ke toshe iska, a ɓamɓare ta. Tokar kuma munafuka ce, sama sanyi, ciki wuta. Na taɓa juye ta a bokitin roba na ajiye a bakin ƙofa, kafin in dawo gindin bokitin ya narke ya manne da ƙasa. A bokitin ƙarfe mai murfi za ku zuba, a waje. In ta kwana biyu Rukayya ta samu ta goge tukunya, shi ma gilashin murhun da ɗan tsumma mai laima da tokar ake goge shi ya fita tas. Igiyar da ke zagaye da bakin ƙofar murhun, mai hana hayaƙi fita, in ta saki a canja, akwai sabuwa a cikin kayan. In lokacin ajiyewa ya yi a kwashe rumbun kaf, a share bututu, a shafa ɗan mai a inda tsatsa ke kamawa.

Kada ka mai da murhun nan abin maigida shi kaɗai. Kai za ka fita aiki, Rukayya ce za ta wuni da shi da yaro. Ka tsaya ta kunna da hannunta, ta kashe da hannunta, har ta fi ka iyawa. In ta yi kuskure kada ka ɗaga mata murya, ka ga dai nawa uwarka ta yi. Yarinyar nan za ta bar iyayenta da duk wanda ta sani ta bi ka kan dutse, in ka sa ta tsoron tambayarka za ta riƙa ɓoye maka abin da ya lalace, wuta kuwa ba a yi mata haka. Shingen ƙarfen da aka ɗaure da murhun na maigidana Sadiƙu ne. Ya fara rarrafe, kuma duk abin da ke haske nasa ne. A kafa shingen tun kafin a kunna wutar farko.

Kada duk wannan ya sa ka ɗauka wahala kawai muka sha. Wallahi shekarun murhun nan suna cikin mafi daɗin zamana a gidan nan. Iya ta koma yin sallarta a tsaye. Butar alwalarta kullum tana gefensa da ɗumi. Da an yi la'asar a lokacin ɗari tsofaffin unguwa sai su fara sallama ɗaya bayan ɗaya, wai sun zo duba jikin Iya, alhali kowa ya san abin da suka zo dubawa. Mu baza gyaɗa a kan murfin, a yi ta ɓarewa ana hirar mutanen da, wa ya auri wa, wace shekara aka yi fara. A nan na ji labarin gidanku da ban taɓa ji ba, har da yadda kakanku ya zo neman aurenta da aron takalmi. Matar da ta ce ba za a huda mata bango ba ita ce ta koma nuna wa baƙi yadda ake rage iska, tana cewa, "Ɗana ne ya ƙera, babu irinsa ko a Makka." Babanku in ya ji sai ya sunkuyar da kai ya fice, amma ni na san daɗin da yake ji. Da ajalinta ya zo cikin bazara ya zo, a kan gadonta, da kalmar shahada a bakinta. Allah ya jiƙanta. Ba mu da abin cewa sai godiya.

Ku ma in ɗakinku ya yi ɗumi kada ku rufe ƙofa ku kaɗai. Ku kira maƙwabta su sha shayi. Amma kada ka je kana yi musu burga da ƙarfe. Mutanen can cikin sanyin aka haife su, sun san ta inda iska ke bugowa da watan da ruwa ke yin yawa. Ka gaishe da manyansu, ka tambaye su, kafin ka zaɓi bangon da za ka huda.

Ɗazu da na kusa gamawa Babanku ya shigo ya tarar da ni da takarda. Na ce masa, "Malam, wasiƙa nake wa auta. Me zan rubuta daga gare ka?"

Ya tsaya yana kallon buhunan da aka jera a tsakar gida. Can ya ce, "Ki ce masa na sa sifana a cikin tiren toka, na naɗe da tsumma. Kada ya zubar."

Na ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Da ya fita na je na buɗe tiren na warware tsumman. Ba sabon sifanan kwance noti ya saya maka ba. Nasa ne, mai baƙin hannun nan, wanda maigidansa ya ba shi ran da ya yaye shi daga koyon aiki, wanda ko yayyenka bai taɓa bari sun taɓa ba. Na mayar na naɗe yadda na same shi. Har yanzu Babanku yana zaure shi kaɗai, ya ce wai iska yake sha, a wannan sanyin.

In kun sauka ka kira shi shi ma, ba ni kaɗai ba. Ba zai ce komai ba sai "to, madalla," amma ka kira.

Allah ya tsare min ku a tafiya da zama. Ya kare ku daga sharrin wuta da na ruwa da na mutum, ya haɗa ku da maƙwabta na gari, ya raya Sadiƙu, ya sa albarka a aikinka da aurenka. Na yafe maka duniya da lahira. Allah ya sada mu da alheri, amin.

Wassalam,
Ummanka.